Shafi Uku a Kan Goggo

Ƙaurin gyaɗa ne ya tare ni tun daga bakin lungunmu na Roumdé Adjia, kafin in hango tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida. Goggo ba ta taɓa ƙona gyaɗa ba. Da kunne take gane ta soyu, in ƙarar da take yi a kasko ta sauya, ko da kuwa tana can ƙuryar ɗaki. Ran nan da hantsi ta ɗora kasko, ta ce wa maƙwabciyarmu jiri take ji, ta zauna a kan turmin da aka kife, ta jingina da bango. Kowa ya yi kanta, ba wanda ya tuna da wuta. Ni ina Maroua ina koyon aikin malanta. Kafin motar da na hau ta iso Garoua an riga an kai ta makwancinta. Ƙaurin kawai na tarar, ya kama labule, ya kama zannuwan da ke kan igiya.

Goggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa da aka yaye ni aka kai mata ni riƙo. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Uwata. Mijinta kuwa, wanda nake ce wa Baba, mahauci ne, shi kuma surukata yake ce mini, har ya riƙa yi kamar zai durƙusa in na shigo tun ina 'yar mitsitsiya.

Tsakar gida ta cika da mata. Wasu na gaisuwa da Hausa, wasu da Fillanci, matan ma'aikata na sa Faransanci a tsakani. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, tana ta cewa ɓingel am, ɓingel am, wato 'yata da Fillanci, kamar ni ce jaririyar da aka bari. Mama, wadda ke kawo wa Goggo gyaɗa daga ƙauyensu na kan dutse, Kirista ce, ta tuɓe takalmi tun a zaure, ta rufe kai, ta zauna kusa da murhu. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Cewa kawai ta yi yanzu wa zai riƙa yi mata faɗa a kan tsakuwa a cikin buhu. Baba yana waje cikin abokan sana'arsa, an ce sau biyu yana tashi zai shiga ya tambayi Goggo inda ta ajiye masa hula.

Amma maganar da ta fi yawo a kan tabarmin nan ita ce: Allah sarki, ba ta bar baya ba. Wata ta ƙara da cewa ai mijin ya yi ƙoƙari, ya zauna da ita haka nan shekara da shekaru. Wata ta ce baiwar Allah, rayuwarta duk haƙuri. Na sunkuyar da kai, ba don fushi da su ba. Ni ma na taɓa faɗin wannan Allah sarki ɗin a kanta, a rubuce, da Faransanci mai kyau, kuma ta ji da kunnenta. Abin da ya zaunar da ni yin wannan rubutu ke nan. Na yi wa Goggo bayanin da ba nata ba, ina so in gyara kafin shi kaɗai ya rage a bakin mutane.

Karatunmu ni da ita ya fara ne ina lise, wato sakandare. An ba mu wani littafi na tsofaffin gajerun labarai na Turawa, yawancinsu a kan aure. Ni kuma ba na iya riƙe abu sai na karanta a bayyane, sai in ɗauko kujera 'yar tsuguno in zauna kusa da Goggo da la'asar tana matsar mai. Rana ta farko ta ƙyale ni. Rana ta biyu ta ce wannan surutu da nake yi da hanci, me yake cewa? Na fara juya mata da Hausa, layi bayan layi. Ita ba ta taɓa shiga lekol ta yi boko ba, allo kawai ta yi, amma ban taɓa samun mai saurare irinta ba. Hannunta na cikin tunkuza, mai na tsattsafowa ta tsakanin yatsunta yana ƙyalli, kunnenta kuwa yana wurina.

Akwai labarin matar wani akawu da ke wuni a bakin taga tana kallon hanya. Marubucin ya cika shafuka yana bayyana ƙuncinta, ni har da hawaye. Goggo ta bari na kai ƙarshe, sannan ta tambaye ni wa ke yi wa matar wanki. Na duba, na ce akwai wata 'yar aiki, sau ɗaya aka ambace ta, ta shigo da fitila. Ta ce to ga mace nan ta biyu a cikin gidan, an bar ta riƙe da fitila, ba wanda ya ce mata sannu. Ta ce in koma in sake karanta mata wurin. Layi ɗaya ne. Ta girgiza kai ta ce ita waccan take son jin labarinta.

Akwai wani kuma da miji ne ke ba da labarin matarsa da ta rasu, yana yabonta da cewa shekara ashirin ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta taɓa cewa tana son wani abu ba. Goggo ta yi dariya har ta goge ido da bayan hannu. Ta ce a je a tambayi maƙwabciyar matar, can ake ajiye muryar. In labari ya ƙare da ɗaurin aure, sai ta ce, nan ya tsaya? Mai rubutun nan ya gaji ne, ai yanzu za a fara. Kuma kafin in buɗe kowane labari sai ta tambaya namiji ne ya rubuta ko mace. In na ce namiji, sai ta ce to mu ji abin da ya hango daga zaure.

Baba yakan dawo daga mayanka da 'yar hanta a ƙunshe, ya miƙa mata, ya zauna a dokin ƙofa da rediyonsa a kunne kamar ba ya jinmu. Can sai ya rage murya ya tambaya, wai mijin ya mutu ne ko bai mutu ba? Goggo ta ce, kai dai a mutu, mahauci, ba ka san labari ba sai da jini. Shi kuma ya ce shi dai tausayin mazan littafin nan yake ji, sun faɗa hannun alƙaliya.

Haka take da kowa, bakinta da kaifi, hannunta a buɗe. Shekarar da aka kwantar da mijin Mama a asibiti, a ɗakin Goggo Mama ta zauna har ya warke. Kullum suna faɗa a kan gishirin miya. Ranar Lahadi kuwa Goggo ce ke tashinta da sassafe, tana cewa ta yi sauri kada ta makara coci a ce a gidan Musulmi aka riƙe ta. Takan ba ta aron mayafinta mai kyau, ta bi ta da gargaɗin kada ta dawo mata da shi yana warin kyandir.

Da na tafi jami'a a Ngaoundéré na tarar ashe abin da Goggo ke yi a bakin murhu yana da suna, har da manyan littattafai a kansa. Malamarmu ta koya mana mu duba wa ke magana a labari, wa aka rufe wa baki, me aure ya ba mace, me ya karɓe mata. Na ji kamar an buɗe mini taga a ɗakin da na daɗe a ciki. Na zaɓi in yi rubutun kammala karatuna a kan matan aure a waɗannan tsofaffin labarai. Malamar ta ce kada in tsaya a Turai, in waiwayi gida, in nuna cewa matan nan suna nan a lungunanmu.

Na waiwaya, sai na ga Goggo. Na rubuta shafi uku a kan wata mace da na sani. Na ce ba ta yi boko ba. Na ce ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, ba ta cin abinci sai ya ci. Na ce ba ta haihu ba, don haka aka ba ta aron 'yar wani ta rufe kunyarta. Na ce duniyarta ba ta wuce daga murhu zuwa ƙofar gida ba. Na rufe da jimlar da na fi alfahari da ita: mace ce da ba ta taɓa zaɓar komai ba a rayuwarta, sai dai ta iya haƙuri da abin da aka zaɓa mata. Da ƙauna na rubuta, Allah ya sani. Ina rubutawa ina jin kamar ina kare ta ne. Malamar ta ja layi a gefen shafukan, ta ce su ne zuciyar aikin.

Da na zo hutu Goggo ta ce ta gaji da labaran matattun Turawa, yau nawa take son ji. Na yi murna. Na karanta mata abin da na ce a kan matar bakin taga da 'yar aikinta, ta gyaɗa kai, ta ce ashe dai ina ji. Sai na shiga shafukan nan uku. Ban san me nake zato ba. Wataƙila na ɗauka ba za ta gane kanta ba, wataƙila kuma na ɗauka za ta ji daɗi an ga wahalarta. Tana murza ƙuli-ƙuli a tafin hannu tana jerawa a faranti. Da na kai rabi na lura jerin ya daina tafiya daidai. Da na gama sai ta ɗago kai.

"Wannan matar," ta ce, "tana tuyar ƙuli?"

Na ce tana yi.

"Uwata, kin tambaye ta?"

Na ce ai a tare muke, na ga komai da idona.

"Kin gani daga zaure." Ta ɗauki wani curi ta murza. "Waɗancan da kike karanta mini, ko ba komai ba su ci tuwon matar ba."

Ta tashi ta zuba mai a kasko, ta ce in matsa kada ya fallatso mini a takarda.

Sauran hutun nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Ba ta yi mini fushi irin wanda na sani ba, na faɗa da harara. Ta ci gaba da ajiye mini ƙanzon tuwo da nake so, ta ci gaba da tashina sallar asuba. La'asar ce kawai ta mutu. In na ɗauko kujera sai ta tuna tana da aike a unguwar Djamboutou, ko ta kunna rediyo. Wata rana Baba ya tare ni a zaure ya ce, surukata, me kika yi wa matata ta daina yi mini tsiya? Na faɗa masa duka, har da jimlar ƙarshe. Ya fara dariya, sai ya katse, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce shi ba ruwansa, in je in tambaye ta.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ga abin da sauƙi. Ni da na tsaya gaban aji na yi bayanin sirrin auren matan da suka mutu shekaru aru-aru, na kasa buɗe baki in ce wa matar da ta goya ni, yaya aka yi kika auri Baba? 'Ya ba ta tambayar uwa wannan. Ko hoton aurensu ban taɓa neman gani ba. Sau ɗaya na yi niyya sosai, na je na tsaya a kanta tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni tana jira. Abin da ya fito daga bakina shi ne, Goggo, a ƙara itace? Ta ce in ƙara.

Na koma makaranta na cire shafukan. Malamar ba ta ji daɗi ba, ta ce na zare wa aikin rai na bar ƙashi, ta ce tsoro ne irin wanda muke yaƙi da shi. Ban iya yi mata bayani ba. Na kira Goggo a waya na gaya mata na cire, ina jiran ta sa mini albarka. Ta ce, "Ni ban ce ki cire ba. Cewa na yi ba ki sani ba." Sai ta shiga tambayata ko man da ta aiko mini ya iso bai zube ba.

Ranar da zan kare aikin gaban malamai, ban sa ran ganinta ba. Sai ga ta ta sha mota tun daga Garoua, da lesinta na sallah da kwalbar mai a jaka wai ta malamata ce. Ta zauna a layin gaba, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma duk wanda ya yi magana sai ta juya ta kafa masa ido kamar mai auna hatsi. Da aka fito ta ja ni gefe ta ce wancan mai sanƙon, wanda ya fi kowa daɗewa yana magana, ta tabbata matarsa ma a gidan maƙwabta take ajiye murya. Na yi dariya har na yi kuka a kafaɗarta. Ta ce in bari kada in ɓata mata lesi.

Bayan nan la'asar ta dawo. Karatunmu na ƙarshe, kafin in tafi Maroua, wani ɗan labari ne na matar da ta haɗa kayanta a akwati, ta kai bakin ƙofa, sannan ta koma ta kwance. Marubucin ya ce ƙarfin hali ne ta rasa. Na jira hukuncin Goggo. Ta ce wannan karon ba za ta ce komai ba, don ba a faɗi abin da matar ta gani a bakin ƙofar ba, kuma mai komawa da mai fita duk ƙafa suka taka. Sai ta dube ni ta ce, "Ni dai ina nan, Uwata. Ran da bakinki ya buɗe." Na ce sai na dawo hutu. Na ma shirya tambayoyina a zuci, ina maimaita su a mota. Saura mako uku hutun ya zo ta zauna a kan turmin nan.

Shekara uku bayan rasuwarta aka tura ni koyarwa Tcholliré. Gidan da na kama haya akwai wata tsohuwa, mahaifiyar mai gidan, idonta ya fara rauni amma ba ta mantuwa. Ta sa ni na lissafa mata dangina ɗaya bayan ɗaya. Da na ambaci kakana da sunan Goggo, sai ta ajiye carbinta ta ce in matso ta shafa fuskata. Ta ce ashe ni jinin waccan ce. Na ce wacce? Ta ce wadda ta kai kanta gaban alƙali.

Ban taɓa jin Goggo ta zauna a Tcholliré ba. Tsohuwar ta ce a nan Goggo ta yi aurenta na fari, da wani ɗan kasuwa mai rufin asiri, kuma da yardarta aka yi. Ba ya duka, ba ya zagi, gidansa ba a rasa komai. Bayan shekara uku ta yafa mayafi da rana tsaka ta tafi wurin alƙali ita kaɗai, ba wa, ba kawu, ta ce ta zo mayar da sadaki. Aka yi ta tambayarta laifin mutumin, ta ce ba shi da laifi, ita ce ba ta so. Aka kira dattawa, aka ba ta kwanaki ta yi tunani, ta dawo ta maimaita. An daɗe ana maganar a garin, in ji tsohuwar, iyaye na jan kunnen 'ya'yansu kada su yi irin nata, su kuma matan aure in sun haɗu a rijiya sai su rage murya su sake ba juna labarin. Dalilinta kuwa har yau ba wanda ya sani.

Da na samu hutu na wuce Garoua. Baba ya daina zuwa mayanka, gwiwa ta hana shi, yana zaune a zaure. Na gaishe shi, na zauna nesa kaɗan, na dubi bango don kada in dube shi, na ce Baba, yaya aka yi ka auri Goggo?

"Ni na aure ta?" ya ce. "Surukata, ni a lokacin wuƙa biyu gare ni da riga ɗaya. In ta zo sayen nama ko ido ba na iya ɗagawa. Ita ta aiko ƙawarta har rumfa, gaban mutane. Ta ce a gaya mini in ina so in je in ga yayyenta, in kuma ba na so in faɗa kafin Juma'a, don tana da abin yi."

Na tambaye shi ko ya kai Juma'ar. Ya ce ina, ranar ko rumfar bai tsaya rufewa ba.